Kalandar Wata ta Hawayi: Ado a Bango ko Doka a Bakin Teku?

A tsibiran Hawayi, can tsakiyar tekun Pasifik, kusan kilomita 4,000 daga gaɓar Amurka, babu shekarar da za ta kama ba a buga sabuwar kalandar wata ba. Ana raba ta a makarantu, ana rataya ta a ofisoshi, ana saka ta cikin wayoyin salula, hatta hukumar tarayya mai kula da kamun kifi a yammacin Pasifik tana buga tata. Kowane dare da sunansa, kowane suna da shawararsa: yau a shuka, gobe a gyara taru, jibi a bar teku ta huta. Wanda ya ga wannan yawa sai ya ɗauka ilimin kakanni ya dawo gida da ƙarfinsa, alhali kuwa kallon kitse yake yi wa rogo. Sunayen sun dawo, amma ikon da ya sa sunayen suka yi amfani yana hannun wasu. Dattijon masunci na iya sanin daren da kifi zai zuba ƙwai a gaɓar garinsu, ya kuma tsaya yana kallon baƙo na jan taru a wannan daren, ba shi da bakin hanawa. Ƙasar da ke yabon ilimi tana hana shi aiki ta cancanci a tuhume ta.

Mutanen Hawayi na kiran wannan lissafi kaulana mahina. Watansu na farawa da ganin jinjirin wata, daren da suke kira Hilo, ya ƙare da daren Muku, wanda ba a ganin komai a sama. Sunaye talatin ne, ko da yake wani watan kan tsaya a dare 29, tun da zagayen wata kwana 29 da rabi ne. Sun kasa watan gida uku, kowane gida dare goma: Ho'onui lokacin da yake girma, Poepoe lokacin da yake kewayayye, Ho'emi lokacin da yake raguwa. Sunayen kansu umarni ne a taƙaice. Dare huɗu na Ku, daga na 3 zuwa na 6, an ɗauke su na dasa dankali da gwaza, domin kalmar na nufin tsayawa a miƙe. Huna, dare na 11, ma'anarsa ɓoyewa, shi ya sa aka haɗa shi da amfanin da ke girma cikin ƙasa. Hua na nufin ɗan itace ko ƙwai. Mahealani, dare na 16, na cikar wata ne, an san shi da dashen ayaba. Dararen La'au na itatuwa da tsirran magani ne. Sai kuma dararen Ole, wato babu, guda bakwai: huɗu daga na 7 zuwa na 10, uku daga na 21 zuwa na 23. A cikinsu ba a sa ran albarkar shuka ko ta su, sai a koma ga cirar haki da ɗinkin taru da gyaran kwale-kwale.

Wanda ya taɓa tsayawa bayan gari da magariba yana neman jinjirin watan Sallah ba zai ga wannan baƙon abu ba. Bambancin shi ne watan Hijira ba a ɗaure yake da damina ko rani ba, yana zagaya shekara, amma na Hawayi dole ya tafi kafaɗa da kafaɗa da yanayi, domin da shi ake noma da su. Wata goma sha biyu kwana 354 ne, sun gaza shekarar rana da kwana 11. Masu lissafinsu sun riƙa daidaita wannan giɓi da tarin taurarin da suke kira Makali'i, waɗanda Bahaushe ya sani da Kaza da Ƴaƴanta. Idan suka fara ɓullowa a gabas daidai faɗuwar rana, wajen watan Nuwamba, sabuwar shekara ta gabato, sai a shiga Makahiki, bikin kimanin wata huɗu na Lono, ɗaya daga cikin allolinsu na gargajiya. A cikinsa ake tara haraji, ake wasanni, ake kuma ajiye yaƙi. Shekarar kanta kashi biyu ce, Kau ta rani da Ho'oilo ta ruwa. Malaman Hawayi na ƙarni na 19, irin su David Malo da Samuel Kamakau da Kepelino, sun rubuta waɗannan abubuwa da harshensu, kuma rubutun nasu ya nuna cewa jerin sunayen watanni ya sha bamban daga wannan tsibiri zuwa wancan. Wannan saɓani shaida ce mai muhimmanci, domin yana nuna cewa kowace gaɓa da nata lissafi.

Abokan gaba na farko su ne masu cewa duk wannan camfi ne. Adalci ya wajabta a ba su abin da yake nasu. Ba a samu tabbatacciyar hujja ba cewa girman wata ko raguwarsa na sa dankali ya yi kauri. Wani bita da masana na jami'ar Balensiya ta ƙasar Sipaniya suka wallafa a shekara ta 2020 ya duba abin da aka rubuta kan tasirin wata bisa tsirrai, bai kuma tarar da dalili mai ƙarfi ba. Mai kare kalandar Hawayi da ya dage cewa kowace shawara da ke cikinta gaskiya ce ta kimiyya, cutar da ita yake yi. Abin da za a iya faɗi game da ɓangaren noma shi ne ya tsara wa manomi aikinsa, ya ware ranar dashe da ranar cirar haki, ta yadda babu aikin da zai danne wani. Wannan amfani ne na gaske ko da wata bai taɓa saiwar komai ba.

Da an gangara bakin teku kuwa, hujjar masu cewa camfi sai ta rushe. Jan da wata da rana ke yi wa ruwa shi ke haddasa cikar teku da janyewarta, wannan ko ɗalibin ƙaramar sakandare ya san shi. Idan wata ya cika ko ya ɓata, tazarar cika da janyewa kan yi girma. Idan yana rabi sai ta ragu, kuma dararen Ole sun faɗo ne daidai kan waɗannan rabi biyu. Halittun ruwa na bin wannan agogo. Kifin moi, wanda a dā ake keɓe wa sarakai, masana sun wallafa a shekara ta 1979 cewa yana zuba ƙwai da dare kusa da rabin wata na ƙarshe, wato a kewayen dararen Ole na biyu, lokacin da al'ada ta ce a rataye taru. Murjanin da ke gaɓar Kane'ohe a tsibirin O'ahu na sakin ƙwai a watannin rani, ƴan darare bayan ɓatan wata. Akwai kuma wata halittar ruwa mai laushin jiki, mai harbi kamar kunama, da ke cika gaɓar Waikiki kwana 8 zuwa 10 bayan cikar wata, kusan kowane wata, har masu tsaron gaɓa na kafa alamun gargaɗi bisa wannan lissafi. Ranakun sun dace da dararen Kaloa, na 24 zuwa na 26. Mutanen da suka gano irin wannan tsari da ido, suka adana shi cikin sunaye talatin da yaro zai iya haddacewa, bincike suka yi. Sunan aikin a harshensu kilo, wato zura ido ga abu guda, a wuri guda, shekara da shekaru.

Abin da masu cewa camfi da masu yabo suka taru suka manta shi ne wannan ilimi doka ne a zamaninsa. An yanka kowane tsibiri yanki-yanki, galibi daga kan dutse har zuwa teku, ana kiran yankin ahupua'a. A kan kowane yanki akwai konohiki, mutumin da ya haɗa aikin sarkin noma da na sarkin ruwa. Shi ke raba ruwan rafi ga gonakin gwaza, shi ke sa kapu, wato hani, a kan kifin da ya shiga lokacin ƙwai. Malo ya ba da labarin kifaye biyu, aku da opelu, waɗanda ake yi wa hani bi da bi: idan an buɗe wannan na kimanin rabin shekara, an rufe wancan. Tafkunan kiwon kifi da suka gina da duwatsu a bakin teku, irin na He'eia mai faɗin eka 88, suna da ƙofofi na itace da ake aiki da su bisa shigar ruwa da fitarsa. Mai kilo ya gani, konohiki ya yanke, jama'a su bi. Ba a ɓoye cewa tsarin kapu na da tsanani. Karya wani hanin kan jawo kisa, mata ba su cin abinci tare da maza, an kuma hana su naman alade da kwakwa da yawancin ayaba. Babu mai hankalin da ke neman a dawo da wannan. Sai dai wanda ya rushe ɗaki saboda ɗigar rufi ya kamata ya tanadi inda za a kwana, kuma tarihin Hawayi tarihin rushewa ne ba tare da tanadi ba.

Kyaftin Kuk na Ingila ya iso tsibiran a shekara ta 1778. Bayan mutuwar sarki Kamehameha na ɗaya a 1819, ɗansa Liholiho da sarauniya Ka'ahumanu suka soke kapu na addini, ƴan mishan suka sauka a 1820. Duk da haka dokokin masarautar na 1839 sun amince da ikon konohiki a kan ruwan yankinsa. Rabon ƙasa na 1848 ya mayar da ƙasa abin mallaka da sayarwa, bayan shekara biyu aka ba baƙi damar saye, aka buɗe ƙofa ga masu gonakin rake. Ranar 17 ga Janairu 1893 wasu ƴan kasuwa, da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, suka tumɓuke sarauniya Lili'uokalani. Dokar 1896 ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa a makarantu. Amurka ta haɗiye tsibiran a 1898, dokar da ta kafa mulkinta a 1900 kuma ta buɗe ruwan gaɓa ga kowa, ta ba masu haƙƙin konohiki wa'adin shekara biyu su kai ƙara kotu ko su rasa. Cikin shekara bakwai kacal, daga 1893 zuwa 1900, aka raba mai kilo da sarautar da ke tsaya masa, da harshen da yake koyarwa da shi, da ruwan da yake tsaro. Zuwa farkon shekarun 1980 an ƙiyasta cewa yaran da ke jin harshen Hawayi ba su kai 50 ba. Wanda ya ce wannan ilimi ya mutu ne don ya gaza a gaban kimiyya bai karanta waɗannan dokoki ba.

Farfaɗowar da ta biyo baya abin jinjina ce. A 1976 kwale-kwalen Hokule'a ya tafi Tahiti ba tare da na'urar nuna hanya ba, bisa jagorancin Mau Piailug na tsibirin Satawal, da taurari da igiyar ruwa kaɗai. Kundin tsarin mulkin jahar na 1978 ya mayar da harshen Hawayi na hukuma tare da Ingilishi, ya kuma yi alkawarin kare haƙƙoƙin gargajiya na ƴan asali. An buɗe makarantar yara ta farko ta Punana Leo a 1984. A 1993 majalisar Amurka ta nemi afuwa kan tumɓuke sarauniya. Amma a nan ne abokan gaba na biyu suka ɓullo, kuma sun fi na farko haɗari, domin da murmushi suke zuwa. Su ne masu mayar da kaulana mahina kayan ado. Jahar da mutanenta ba su wuce miliyon ɗaya da dubu ɗari huɗu da ƴan kai ba ta karɓi baƙi ƴan yawon buɗe ido sama da miliyon 10 a shekara ta 2019, kuma kasuwa irin wannan na son al'ada mai daɗin ji wadda ba ta hana kowa komai. Sai a ɗauki sunan dare a haɗa shi da nasiha kan natsuwar zuciya, kamar duban taurari na shafin baya na jarida. Kalanda guda da aka buga a Honolulu sai ta zama hukunci ga tsibirai takwas, alhali malaman ƙarni na 19 sun nuna cewa ko sunayen watanni ba ɗaya ba ne. Mafi muni, mai riƙe da salula na iya faɗin sunan daren yau ba tare da ya ɗaga kai sama ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A nan an juya karin maganar, ji ya kori gani, kuma kilo da babu gani a cikinsa sunansa kawai ya rage.

Ga wanda ke son ganin yadda abin yake idan an riƙe shi da gaske, sai ya dubi Mo'omomi a arewacin tsibirin Moloka'i. A farkon shekarun 1990 masuntan wurin suka kafa ƙungiyar Hui Malama o Mo'omomi, bisa jagorancin Kelson Poepoe, wanda aka fi sani da Mac. Ba su tsaya ga haddar sunaye ba. Sun riƙa buɗe cikin kifin da aka kama suna duba ƙwai, suna rubuta daren wata da yanayin ruwa, har suka fitar da kalandar gaɓarsu da ke nuna lokacin da kowane irin kifi ke buƙatar hutu. Moi misali ne mai kyau na dalilin da ya sa ake buƙatar ido na kusa. Yana fara rayuwa yana namiji, sai ya girma ya rikiɗe ya koma mace, saboda haka masuncin da ke zaɓen manya kaɗai iyaye mata yake kwashewa. Dokar jaha ta rufe kamun moi daga Yuni zuwa Agusta, da kwanan watan Bature. Kifi kuwa bai san ranar 31 ga Agusta ba. Yana bin wata da ɗumin ruwa, waɗanda ke gaba ko baya daga shekara zuwa shekara, daga gaɓa zuwa gaɓa.

Majalisar jahar ta amince da wannan hujja tun 1994, lokacin da ta yi dokar da ta ba da damar ware yankunan su na ciyar da gida a ƙarƙashin kulawar al'umma. Mo'omomi ta samu gwaji na shekara biyu, wa'adin ya cika, aka bar shi ya shuɗe. Ha'ena ta tsibirin Kaua'i an ware ta a 2006, amma ƙa'idodinta ba su samu sa hannun gwamna ba sai 2015, shekara 21 bayan dokar farko, kuma ita ce ta fari a duk jahar. Miloli'i an ware ta a 2005, ta jira har 2022. Yaron da aka haifa ranar da aka yi dokar ya isa aure kafin gari guda ya ci moriyarta. A tsawon waɗannan shekaru ba a fasa buga kalanda ba, ba a fasa buɗe taro da addu'o'in gargajiya ba. Hukumar da ke iya buga kalanda kowace shekara amma take buƙatar shekara 17 kafin ta amince wa ƙauyen masunta ya kare ruwansa ta nuna a fili wanne ta ɗauka da nauyi.

Akwai ƙorafi guda da ya cancanci amsa, kuma an ji shi har daga bakin wasu ƴan asalin Moloka'i: teku ta kowa ce, bai kamata ƙungiya ɗaya ta zama mai gadinta ba, kada a wayi gari an kafa sababbin sarakai da sunan al'ada. Tsoron na da tushe, domin iko kowane iri ne yana iya lalacewa. Amma ƙa'idodin Ha'ena sun nuna hanyar fita. Ba su kori baƙo ba. Sun hana su na kasuwanci, sun taƙaita irin kayan kamu da yawan abin da za a ɗauka, sun keɓe wani lungu na gaɓa ya zama mafakar ƙananan kifi, kuma suna hawa kan ɗan gari kamar yadda suke hawa kan ɗan Honolulu. Sun bi ta sauraron jama'a, hukumar jaha ce ke zartar da su. Teku ta kowa da kowa wadda babu mai tsaron lokacin ƙwanta, ƙarshenta ta zama ta mai babban jirgi da dogon taru, talakan da ake cewa ana kare wa haƙƙi shi ne farkon wanda zai koma gida da kwando wayam. A jahar da aka ƙiyasta tana shigo da kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na abincinta ta jirgi, kifin gaɓa maganar tukunya ce ga gidaje da yawa.

Sauyin yanayi ya ƙara wa lamarin gaggawa. Ɗumin ruwa ya ƙone murjanin Hawayi a 2014 da 2015 da 2019. Taron Aimalama da aka yi a Honolulu a 2015, wanda masana irin su Kalei Nu'uhiwa suka tsaya masa, ya tara masu lissafin wata daga tsibiran Pasifik a kan wannan batu. Idan ruwa ya yi zafi, lokutan fure da na ƙwai na iya gusawa, abin da Malo ya rubuta game da wani wata na iya daina dacewa da abin da ke faruwa a gaɓa. Kalandar da aka buga za ta tsufa, haka ita ma dokar jaha mai ƙayyadadden kwanan wata. Abin da zai iya bin sauyin sau da ƙafa shi ne mutumin da ke zuwa wuri guda kowane dare yana dubawa yana rubutawa, muddin maganarsa na iya zama hani kafin kifi ya gama zuba ƙwai. Hanin da ya zo bayan shekara 17 ihu ne bayan hari.

Saboda haka abin da ake bin jahar Hawayi bashi a bayyane yake. A gajarta hanyar amincewa da ƙa'idodin al'umma, a sa mata wa'adin da hukuma ba za ta tsallake ba. A ba yankunan da suka nuna rubutaccen kilo na shekaru damar buɗe su da rufe shi bisa abin da suka gani, ƙarƙashin binciken masana da sa idon kotu. A fitar da ɗalibai daga aji zuwa bakin ruwa, a auna su da abin da suka lura da shi a dararen Ole, bayan sun haddace sunayen talatin. Masu buga kalanda kuma su rubuta a kanta gaɓar da aka yi lissafin dominta. Wata zai ci gaba da fitowa a daren Hilo ko an yi haka ko ba a yi ba. Moi ne ba shi da wannan tabbaci.